Kayan Ndive Ba Su Mutu Ba

Mai girma basaraken unguwarmu, Fasto, shugaban ƙungiyarmu ta masu rubuta manhaja a nan Buea, Mama Efeti da kika haife shi, uwargida Enanga da yara, jama'a, sannunmu da wannan rashi.

Ndive Likowo ya kasance mai taurin kai, kuma ba mu zo ba da haƙuri a kan haka ba. Ya ƙera kayan aikin da za ka rubuta manhaja da su sau ɗaya ta yi aiki a waya da kwamfuta, sabuwa da tsohuwa, ya ce sai an saya. Aka yi masa ca, ga na kyauta zube a intanet.

Wata rana muna cin gasasshen kifi a unguwar Molyko, abokinmu Mokake ya ce, "Ndive, wa zai sayi ruwa a bakin kogi?" Ndive ya ce, "Sha abinka. Ranar da ya murɗa maka ciki, ka kai ƙarar kogin."

Ya kasance ba ya zagin na kyauta, shi ma da su ya koyi aiki. Tambayarsa ɗaya ce: in abu ya lalace, wa zai amsa kira? Mun ga amsar a wani asibitin haihuwa da ke bayan dutsen nan namu. Manhajarsu ta tsaya, waɗanda suka ƙera kayan da aka gina ta da su sun daɗe da watsar da aikin, unguwarzoma ba ta san wace mai ciki ce jininta ya hau ba. Ndive ya hau babur cikin ruwan sama, ya sake gina ta da kayansa a tsohuwar kwamfutarsu. Har yau tana aiki.

Enanga, mun ji cewa tun kafin a rufe shi wasu suka zo miki, wai ki rufe kamfaninsa, kayan mutum ɗaya tare da shi suke mutuwa. To, su ji da kyau. Mu da ya koya wa aiki mun karɓi ragamar kamfanin, har da Mokake. Lambar wayarsa ba za ta canja ba, duk wanda ya kira zai ji muryar ɗayanmu.

Mama, ki share hawaye, ɗanki bai bar aiki a ƙasa ba.

Mun gode da zuwanku. Allah ya ba shi hutu, ya raya abin da ya bari, ya ba mu ko rabin taurin kansa. Amin.