Wutar da Ta Tare Ɗahiru

BAWA: Alo! Salamu alaikum! Gwandu ce? Bawa ne, da wayar ofishin 'yan sanda nike kira!

ABDULGANI: Wa alaikumus salam, Kawu Bawa. Rage ihu, ina jin ka. Ina kwana?

BAWA: Lahiya lau, Malam. Ina gajiya? Ya 'yan makaranta?

ABDULGANI: Alhamdu lillahi. Ya mutanen Kalgo? Ya Inna Hajjo?

BAWA: Hajjo kwana biyu ba ta sa komi baki ba. Ɗahiru ya aiko takarda daga Kamaru, wai dutsi ya yi aman wuta ya tare hanya, bana ma ba shi zuwa shuka. Gobe in shiga mota in ɗauko ɗana.

ABDULGANI: Tsaya, Kawu. Na karanta a jarida. Narkakken dutse ne, amma mai kauri.

BAWA: Ƙauri? Innalillahi! Ya ƙone?

ABDULGANI: Kauri na ce! Irin na tuwo!

BAWA: Ina zancen ɗana, kana zancen tuwo?

ABDULGANI: In Inna ta kifar da koko a gangare, ya yake yi?

BAWA: Shi sheƙa awa ruwa.

ABDULGANI: In talge ne ya kusa zama tuwo fa?

BAWA: Shi ja gindi kaɗan, shi daskare.

ABDULGANI: To, haka aman dutse yake. Tsararo ya fi mutum gudu. Wannan kuwa rarrafe ya yi, sai ya wuni bai ci tsawon gonarka ba. Har kallo mutane suka riƙa zuwa.

BAWA: Kallo? To hanyar hwa?

ABDULGANI: Bai kai ta ba, Kawu. Tun watan jiya ya tsaya.

BAWA: Takardar shekaranjiya taz zo.

ABDULGANI: Wataƙila ta daɗe a gidan waya...

BAWA: Kai ma makaranta ta koya maka rufa ma ɗan'uwa asiri. Wato wutar da kunkuru ka tsere ma, ita ta tare ƙato mai ƙafa biyu. Bara gada ta karye, bara waccan zazzaɓi. Bana Allah Ya ba shi dutsi.

ABDULGANI: Ka yi haƙuri, Kawu. Kawu? Alo?

BAWA: Ina nan. Na hwasa tahiya. Jumma'a Hajjo za ta taho ta ji daga bakinka, ta ce kai ka san boko.

ABDULGANI: Sai in kwantar mata da hankali, in ce lafiyarsa ƙalau, hanya a buɗe.

BAWA: Kul! Ka ce mata irin na koko ne, mai gudu.

ABDULGANI: Kawu, ƙarya zan yi wa...

BAWA: Ta san wuta ka hana shi zuwa, Malam. Bar ta da wutar. Ɗan sanda, karɓi wayarku.