Rubutun Jikin Ƙofa

A ɗakin jira na asibitin ƙashi, talabijin na nuna tallan wata babbar mota tana hawan dutse. Wani mutum mai ɗauri a hannu ya juyo wajen dattijuwar da ke gefensa.

"Mama, kin ga motar nan. Rami, taɓo, yashi, duk ba ruwanta. Irinta nake sayarwa."

"Mutum nawa ne a cikinta?"

Ya duba. "Direba ne kawai."

"Bayanta kuma ba komai. Ɗana ya sayi irinta, aka ce masa babu abin da ke gagararta. Ya loda buhunan taki da ma'aikatansa, ga tankin ruwa a sama."

"Ai ya wuce ƙa'ida. Nauyin da take iya ɗauka yana rubuce a jikin ƙofar direba, har mutanen ciki ake lissafawa."

"A ƙofa? Ta ina?"

"Can ƙasa, ɗan ƙaramin rubutu ne."

"A gangara birki ya ƙi kamawa. Yana kwance a asibitin nan yanzu, likitoci na shawara a kan ƙafarsa." Ta gyara mayafinta. "Kai in mai saye ya zo, kana nuna masa wurin?"

Ya mayar da kallonsa ga talabijin.

"In ya tambaya, Mama."

"Shi bai san ana tambaya ba."