Kujerun Ɗakin Jira

A ɗakin jira na asibiti, rediyon mai gadi ya ce masu bincike sun gano jama'a ba sa gamsuwa da kayan da gwamnati ke saya ta hannun 'yan kwangila. Wani mai babbar riga yana tsaye, wata dattijuwa na zaune a ƙasa kusa da shi.

"Ƙarya ce tsagwaronta!" in ji mutumin. "Masu binciken yanzu neman suna kawai suke. Da can, ranar da aka miƙa kaya ake tambaya, kowa ya ce ya gamsu."

"Wa ake tambaya, Alhaji?" in ji dattijuwar.

"Shugaban asibiti mana, da ma'aji."

"Masu zama kan kujerar soso a ofis? Su zo su tambaye ni! Kujerun nan da kake gani, ɗaya ce ta karye da maigidana da ya zo awon jini. Yanzu yana ciki, ƙugunsa ake ɗorawa."

"Haba Hajiya, ƙila zaman ne bai iya ba. Ƙarfen nan mai kauri ne, ni da kaina na zaɓo shi."

Ta ɗago kai, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Au, kai ne ka kawo su?"

"To, kamfaninmu dai."

"Allah Sarki! Tun ɗazu kana tsaye, ga kujeru reras babu kowa. Bismillah, Alhaji, zauna."

Ya dubi kujerun, ya gyara riga.

"Bari dai, na fi son tsayuwa."