Garin da Ba Agana

A tashar motar Gusau, Tambaya mai fura, mutuniyar Bungudu, tana dama wa wani baƙo fura yana ta cika baki.

"Mu can wajen Tsafe, Inna, agana ba ta taɓa kowa ba bana. Malamin lambar rigakafi ma ya rubuta haka. Ku kuwa an ce goma kuka binne."

"Bakwai ne, Allah ya jiƙansu. Mu mun tsaya an duba mu. Ku mutum nawa malamin ya tarar?"

"To, ranar duk muna gona."

"Har jarirai? Cikin dawa suke noma?"

Baƙon ya yi dariya, sannan ya sassauta murya.

"Inna, a ina ake yin lambar nan? 'Ya'yana uku na bari a gida."