Kabarin Buba a Amurka

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Dada Asta daga Bako, Yola.

Ɗana Buba, da Jihar Arewa maso Gabas ta tura karatu Amurka, ya rasu a can. Wata biyu hankalina a tashe, don an ce ƙona gawa suke yi. Shekaranjiya abokinsa ya dawo daga inda aka binne shi. Ya ce ƙaramin garin manoma ne a bakin kogi, kamar Jimeta. A dokarsu, kaburbura duk gefe ɗaya suke kallo. Amma majalisar garin ta zauna, ta yarda a karkata nasa ya fuskanci alƙibla. Ɗalibai Musulmi suka sallace shi.

Malam, tambayar mini malamai: ya halatta in yi wa mutanen nan addu'a? Ni dai na riga na fara.