Irin da Aka Kulle a Gonar Soba

Da sunan Allah nake buɗe bakina, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma Mataimakin Shugaban Jami'a, Shugaban Tsangayar Noma, liman da dattawanmu na Umdurman, Hajiya Nabila da 'ya'yan marigayi, ɗalibanmu na Najeriya da Nijar, da ku baƙin da ke tsaye a bakin ƙofa, waɗanda ba mu san sunayenku ba: assalamu alaikum.

Sunana Sabitu. Da ni da marigayi Dakta Sharfuddeen Dogo a yankin Jazira muka tashi, iyayenmu suna tsinkar auduga a gonakin wasu, kuma ofis ɗaya muka zauna a tsangaya. An ce in taƙaita, in tsaya a kan halinsa. To, halin nasa zan faɗa.

Ya kasance mutum mai naci, wallahi har ya ba ka haushi. In ka gayyace shi cin abinci, sai ya ɗaga wainar kisra ya tambayi matar gida da wace dawa aka yi ta. Ya kasance ba ya raina tsohuwa. Shekaru ya yi yana bin ƙauyukanmu, yana durƙusawa gaban iyayenmu mata, yana roƙon ɗan irin dawa da wake da kakanninsu suka ɗauro a bakin zane tun daga ƙasar Hausa. Kowane iri ya sa masa sunan mai shi: dawar Talatu, waken Kande. Yana shuka su a gonar gwaji ta Soba, yana auna wanda ke jure ƙishi, da wanda ke barin ƙasa da ƙarfinta.

Ya kasance ba ya iya haɗiye magana. Da aka ce kowa ya koma alkama, ya miƙe a taron tsangaya ya ce, "Ya jama'a, zafin nan ba na alkama ba ne, za ta shanye ruwa ta bar mu da ƙasar da ta gaji." Na ja masa riga, ya make hannuna. Ba a yi wata ba takarda ta zo, an sallame shi, wai don maslahar jama'a. Aka sa kwaɗo a ɗakin ajiyar iri.

Yanzu ku saurara, don wannan ne ya ci shi, ba ciwon zuciya kaɗai ba. Kowa a nan ya san mace ba ta taɓa irin da ta ajiye don shuka, ko yara na kukan yunwa. Amma a shekarar farin nan da ta wuce mana, iyayenmu sun daka nasu sun ciyar da jikoki. Me ya sa? Saboda sun ce akwai a wurin Dakta. Shi ya ce musu kada su ji tsoro, jami'a ba ta mutuwa. Sun yarda da shi, shi kuma ya yarda da mu.

Damina biyu ke nan ba a shuka irin ba. An yanke wutar ɗakin, kuma kun san zafin Soba. Iri yana da rai, yana kuma mutuwa. Na je duba shi a asibiti, ya kama hannuna ya ce, "Sabitu, in ya wuce bana, kalas, shi ke nan, sai dai a ba kaji." Bai yi mini maganar 'ya'yansa ba, ku yafe masa, Hajiya Nabila, kin san mijinki. Ke kika sha zama a mota yana tsaye a bakin wayar shingen gonar yana kallon ɗakin. Zulaiha, Muhajir, ubanku bai yi abin kunya ba. Ku ɗaga kanku.

Goggo Talatu, ga ta can a layin mata. Jiya ta iso daga Jazira. Bayan ta yi ta'aziyya ta ce mini, "Ɗana, to dawata fa?" Ina jin kunya, ina jin tsoro kuma, ba zan ɓoye muku ba, ni ma ina da yara.

Ranka ya daɗe Mataimakin Shugaba, ba mu ce a sa sunansa a jikin gini ba. Ba mu ce a janye takardar ba, wanda aka rubuta wa ya riga ya tafi. Mabuɗi muke roƙo. Hadari ya fara haɗuwa ta kudu. Ranar Asabar da safe za mu tsaya a ƙofar gonar da fartanyu, ba da allunan zanga-zanga ba. A buɗe mana mu shuka, kowace uwa ta karɓi nata. In akwai laifi a ciki, a ɗora mini, ni na faɗa, a gaban kowa.

Mun gode wa duk wanda ya zo, mun san zuwan ba sauƙi ba ne.

Ya Allah, Ka jiƙan Sharfuddeen, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri. Ka tausasa zuciyar wanda mabuɗin ke hannunsa. Ya Mai rayar da matacciyar ƙasa, Ka riƙe mana ran da ya rage a cikin buhunan irin nan zuwa Asabar.

Fatiha.