Mai Son Ci Gaba

A tashar Zuba ana jiran mota ta cika, sai Wakili ya nuna wa matar da ke kusa da shi wayarsa.

"Hajiya, tambayoyin siyasa na amsa a intanet. An ce ni mai son ci gaba ne."

Ta leƙa. "Nan an tambaya ko a rushe gidajen da ba su da takarda. Me ka danna?"

"Na yarda ɗari bisa ɗari. Abuja sai da tsari."

"A ina kake zaune?"

"Mpape."

"Naka gidan yana da takarda?"

Wakili ya mayar da wayar aljihu.

"Hajiya, ai ra'ayina suka tambaya. Ba su tambayi inda nake kwana ba."